Yadda ake sarrafa ilektiron ɗaya a gurbinsa, da dalilin da ya sa jera su da yawa ke da wuya

Wani matashi da ya karanta injiniyancin lantarki, yake kuma gyaran salula da inbata a Tudun Wadar Kaduna, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na ji an ce ana gina kwamfutar kwantum da silikon, irin wanda ake yin aisin salula da shi. Idan aisi ɗaya yana ɗauke da tiransista biliyoyi, me ya sa har yanzu ake maganar kubit 6 ko 12? Ta yaya ma ake ba ilektiron ɗaya umarni ya bi? Kuma akwai abin da mai irin karatuna zai iya koya a nan gida?"

Ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Tambayarka ta faɗa daidai wurin da masu wannan bincike suke fama. Kubit shi ne ƙwayar bayani ta kwamfutar kwantum, kuma a tsarin silikon da ilektiron ɗaya da aka riƙe a gurbi ake yin sa. Ƙera gurbin da zai riƙe ilektiron ɗaya ya daina zama abin mamaki fiye da shekara 20 da suka wuce. Abin da ya rage shi ne sarrafawa, kuma tana da wani hali mai wuyar sha'ani: duk hanyar da ka buɗe domin umarninka ya isa ga ilektiron, ta nan hayaniyar da ke kewaye da shi za ta bi ta same shi. Idan ka toshe hanyar, zai zauna lafiya amma ba zai ji ka ba, idan kuma ka faɗaɗa ta, zai ji ka da sauri, ya kuma ji kowa.

Ka fara da hoton darar da dattawa ke haƙa wa gurabe a ƙasa a gindin bishiya, kowane gurbi da ɗansa guda. Abin da masana ke kira ɗigon kwantum gurbi ne irin wannan, sai dai da ƙarfin lantarki ake yin sa. Ana shimfiɗa silikon siriri, mai kaurin nanomita 10 ko ƙasa da haka, a tsakanin shimfiɗu biyu na gaurayen silikon da jamaniyam, ko kuma a yi amfani da fuskar silikon da ke ƙarƙashin oksaid kamar yadda take a tiransistan da ka sani. A sama sai a jera siraran zarurrukan ƙarfe, waɗanda zan riƙa kira ƙofofi, domin aikinsu ɗaya ne da na ƙafar tiransista mai buɗewa da rufewa. Idan aka ba ƙofa wuta fozitif, ilektiron suna taruwa a ƙarƙashinta, idan kuma aka rage wutar ƙofofin da ke gefenta, sai katanga ta tashi ta hana su zirarewa. Da yake ilektiron suna ture juna, gurbin kuma ƙanƙane ne, shigar na biyu tana buƙatar wutar da ta fi ta shigar na farko, saboda haka ana iya rage wutar sannu a hankali, suna fita ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura ɗaya tak. Daga gurbi zuwa gurbi kusan nanomita 100 ne. Da za a jera 1,000 a tsaye da 1,000 a kwance, wato miliyan 1, da filin da za su ci bai wuce kashi 1 cikin 10 na milimita a kowane gefe ba. Wannan ƙanƙanta ce ta sa ake kwaɗayin silikon, kuma daga gare ta rabin wahalar ta fito.

Bayanin da ake lissafi da shi yana cikin sifin na ilektiron, wata ɗabi'a da yake da ita tun asali, wadda ta mayar da shi kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu mai kai da gindi. Idan aka auna shi a cikin filin maganaɗisu, ɗaya daga amsoshi biyu kawai yake bayarwa, ko yana bin filin ko yana saɓa masa, su ne 0 da 1. Kafin a auna kuwa yana iya karkata ta kowace fuska, kuma a karkacen ba ya tsayawa cak, yana kewaya layin filin kamar yadda kan katantanwa ke kewayawa idan ta karkata. Misalin katantanwa taimakon tunani ne kawai, domin babu wani ƙwallo da ke juyawa a ciki, amma lissafin kewayawar ya yi daidai. Saurin kewayen yana bin ƙarfin filin: a silikon tesla 1, wato ma'aunin ƙarfin filin maganaɗisu, tana ba da kusan gigahaz 28, kuma gwaje-gwaje da yawa suna aiki tsakanin gigahaz 10 da 20, alhali 5G da ake amfani da ita a Najeriya tana kan gigahaz 3.5. Matsayin da sifin ya kai a kewayensa a kowane lokaci, wanda zan kira taku, yana cikin bayanin da ake ajiyewa. Ka tuna mata masu lugude a turmi ɗaya, kowace taɓarya tana sauka a lokacinta, kuma da zarar ɗaya ta yi jinkirin ƙiftawar ido, luguden ya ɓaci ko da kowa na ci gaba da daka. Haka lissafin kwantum yake ɓaci idan takun sifin ya kuɓuce wa agogon na'ura. Daniel Loss da David DiVincenzo ne suka tsara gina kwamfuta a kan wannan sifin a cikin gurabe a 1998, kuma har yau tsarinsu ne ƙashin bayan aikin.

Maganar sanyi ba ta buƙatar dogon bayani. Tazarar kuzari tsakanin 0 da 1 a filin tesla 1 daidai take da zafin kelbin 1.3 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga iyakar sanyi), zafin ɗakinka kuwa kusan kelbin 300 ne, don haka a fili zafi kaɗai ya isa ya goge komai. Ana sanya aisin a cikin firji na musamman mai aiki da gaurayen hiliyam-3 da hiliyam-4, wanda ke sauka zuwa milikelbin 10 ko 20.

To, ta yaya ake juya sifin? Da irin dabarar mai tura yaro a kan lilo. Turi ɗaya mai rauni ba ya yin komai, amma idan kowane turi ya zo daidai da dawowar lilon, ƙaramin ƙarfi yana taruwa ya zama babban motsi. Ana aika siginar maikrowef mai kaɗawa daidai da saurin kewayen sifin, sai ya riƙa sunkuyawa daga 0 zuwa 1 ya sake komowa, kuma tsawon lokacin da aka bar siginar shi ne ke yanke inda zai tsaya. Injin MRI na asibiti yana aiki da wannan ƙa'ida, sai dai shi sifin na cibiyar atam ɗin haidurojin da ke cikin ruwan jiki yake juyawa, a kusan megahaz 64 idan filinsa tesla 1.5 ne, kuma yana juya ɗimbinsu a tare. A 2006 masu bincike a Delft ta ƙasar Holan suka juya sifin na ilektiron ɗaya ta hanyar tura sigina a wata siririyar waya da ke gefen gurbin. Hanyar tana aiki, kuma ana bin ta har yanzu a Sidni ta Ostireliya, amma tana da nawa kuma tana ɗumama aisin. A 2008 ƙungiyar Seigo Tarucha a Japan ta nuna wata hanya: a ɗora ɗan ƙaramin maganaɗisun kobalt a saman guraben, wanda filinsa ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, sannan a tura siginar kai tsaye a ƙofa, ta riƙa girgiza ilektiron ɗin gaba da baya. Yana motsawa yana ganin filin maganaɗisu mai sauyawa, sai ya juya da sauri. Maganaɗisun yana da fa'ida ta biyu, domin yana ba kowane gurbi saurin kewayensa daban, yadda za a kira kowane kubit a tasharsa kamar gidajen rediyo. Amma lura da abin da aka yi: a da sifin bai damu da filin lantarki ba, yanzu an ɗaura shi da shi. Duk wani caji da ya maƙale a oksaid, yana tsalle daga wani aibi zuwa wani, zai ɗan ture ilektiron ɗin, saurin kewayensa ya sauya, taku ya ɓaci.

Kada ka ɗauka ƙaramin sauyi ba ya cutarwa. A ce kubit yana kan gigahaz 16, siginarka kuma tana da ƙarfin da za ta kai shi daga 0 zuwa 1 ta dawo da shi sau miliyan 5 a sakan, wato juyi ɗaya daga 0 zuwa 1 yana ɗaukar nanosakan 100. Idan tasharsa ta goce da megahaz 1 kacal, kashi 1 cikin 16,000, juyin zai yi nasara sau 96 ne kawai cikin 100. Tsarin gyaran kuskure da aka fi dogara da shi ba ya fara amfani sai kuskuren kowane aiki ya sauka ƙasa da kusan kashi 1 cikin 100, kuma domin ya yi amfani na gaske ana son 1 cikin 1,000, abin da ke nufin gocewar kada ta wuce kilohaz 160, kashi 1 cikin 100,000.

Hayaniya ta farko da aka yi yaƙi da ita daga cikin sinadarin da aka ƙera gurbin da shi take. Gwaje-gwajen farko a galiyam asenaid aka yi su, domin ya fi sauƙin ƙerawa, amma kowane atam na galiyam da na asenik cibiyarsa tana da nata sifin, kuma ilektiron ɗaya a gurbi yana shafar cibiyoyi da za su kai miliyan 1, kowace tana jan sa ta fuskarta. A gwajin da Jason Petta da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Harvard a 2005, taku yana ɓacewa a cikin kusan nanosakan 10. Silikon ya fi sa'a: kashi 92 cikin 100 nasa silikon-28 ne, wanda cibiyarsa ba ta da sifin, kuma kashi 4.7 ne kawai silikon-29 mai tayar da hankali. Da aka tace shi har silikon-29 ya koma 800 cikin miliyan, ƙungiyar Andrew Dzurak a Sidni ta samu taku mai ɗorewa maikrosakan 120 a 2014, fiye da sau 10,000 na wancan. Akwai kuma dabarar da Erwin Hahn ya gano tun 1950, wato a kifar da sifin a tsakiyar jira, yadda gocewar da ya tara a rabin farko za ta warware kanta a rabi na biyu, kuma da maimaita wannan kifarwa sau da yawa wancan kubit na Sidni ya kai milisakan 28. Dabarar tana maganin hayaniya mai tafiyar hawainiya ne kawai, wadda ba ta sauya ba tsakanin rabin farko da na biyu.

Haɗa kubit biyu shi ne wurin da na fi ganin kyawun tsarin. Ka je bakin Kogin Kaduna lokacin rani ka ga masu lambu: fangali biyu, kunya a tsakaninsu, mai lambu ya sa fartanya ya fasa kunyar, ruwa ya ratsa, ya mayar ya toshe. Ƙofar da ke tsakanin gurabe biyu ita ce kunyar. Idan aka ƙara mata wuta, katangar ta sauka, ilektiron biyun suka fara shiga hurumin juna, sai ƙa'idar Wolfgang Pauli ta shigo, wadda ta hana ilektiron biyu zama a hali ɗaya sak. Sakamakon haka kuzarinsu ya dogara da yadda sifin ɗinsu ke fuskantar juna, saurin kewayen ɗaya yana sauyawa gwargwadon ko ɗan'uwansa 0 ne ko 1, kuma wannan sharaɗi shi ne duk abin da lissafi ke buƙata. Aikin yana ƙarewa a cikin nanosakan 100 ko ƙasa da haka, ba tare da maikrowef ba. Matsalar ita ce ƙarfin wannan cuɗanya ba ya hawa a miƙe da wutar ƙofa, ninkuwa yake yi, yadda 'yan milibolt za su ruɓanya shi. Abin da ya ba ka damar kunna shi da kashe shi sarai shi ne ya sa ƙaramar girgizar wuta take zama babban kuskure. A 2016 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Kalifoniya ɗaya a Kofanhegan, suka nuna cewa idan aka riƙe zurfin guraben biyu daidai wa daida aka taɓa katangar kaɗai, maimakon a karkata ɗaya zuwa ga ɗaya, hayaniyar tana raguwa ƙwarai, kamar ma'aunin da aka tsayar a tsakiya. Da irin wannan taka-tsantsan aka kai ga watan Janairun 2022, lokacin da Delft ta bayar da rahoton nasarar kashi 99.65 cikin 100 a aikin kubit biyu, cibiyar RIKEN ta Japan kashi 99.5, sannan Jami'ar Princeton ta biyo baya da kashi 99.8 a cikin shekarar.

Karanta amsa kuma ana yin sa ne ta mayar da tambayar sifin ta zama tambayar caji, domin maganaɗisun ilektiron ɗaya ya yi rauni a auna shi kai tsaye cikin sauri. A Delft a 2004 an daidaita gurbin yadda sifin mai kuzari mafi yawa ne kaɗai zai iya tsallakewa zuwa tafkin ilektiron da ke gefe, wani ɗan ma'aunin caji kuma yana ganin fitarsa. Hanya ta biyu ita ce a tura ilektiron zuwa gurbin maƙwabcinsa: idan sifin ɗinsu fuska ɗaya suke kallo, ƙa'idar Pauli ta hana shi shiga, idan suna cikin halin da ya dace, ya shiga. Wannan ta biyun ba ta buƙatar tafki kusa da kowane gurbi, ta kuma fi jure ɗumi, shi ya sa ta fi dacewa da jeri mai yawa.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Tiransista yana da yafiya. Tsakanin 0 da 1 nasa akwai ɗaruruwan milibolt, don haka ko da biyu sun ɗan bambanta wajen ƙera, duka za su buɗe su rufe da umarni ɗaya, kuma kowane mataki na da'irar yana wanke siginar ya mayar da ita cikakken 0 ko cikakken 1. Gurbin kwantum ba shi da wannan yafiya. Wutar da ke riƙe ilektiron ɗaya tak tana da ƙunci, bambancin da ake samu tsakanin gurbi da gurbi saboda cajin da ya maƙale a oksaid ko ɗan kaucewar ƙofa sau da yawa ya fi wannan ƙuncin faɗi, kuma babu mai wanke kuskure a hanya. Sai kowane gurbi ya zama yana da wutarsa, kowace katanga da tata, kowane kubit da tasharsa. Daɗin daɗawa, da yake ƙofofin suna manne da juna a tazarar gomman nanomita, babu wadda ke taɓa gurbinta kaɗai. Kamar rumfar biki ce ta tamfol, ka ja igiya ɗaya domin gyara kusurwa, sai sauran ukun su motsa. Maganin da aka samo lissafi ne da ka riga ka karanta a makaranta: a auna yadda kowace ƙofa ke shafar kowane gurbi, a zuba a matiriks, a juya matiriks ɗin, sai a samu haɗin wutar da zai motsa gurbi ɗaya ya bar sauran inda suke. Da wannan aka jera gurabe 8 a Delft da 9 a Princeton a 2019. Sai dai matiriks ɗin gaskiya yake faɗa a kusa da inda aka auna shi kawai, kuma cajin da ke cikin oksaid yakan yi ƙaura bayan awoyi ko kwanaki, dole a sake awo. Aikin da ƙwararren ɗalibi zai kwana yana yi wa gurabe 4 ba zai yiwu da hannu ga gurabe 4,000 ba, shi ya sa daidaitawa ta atomatik ta zama fannin bincike mai zaman kansa.

Silikon yana da wani aibi nasa na daban. Tsarin atam ɗinsa yana ba ilektiron wasu matsuguni biyu masu kusan kuzari ɗaya, waɗanda ake kira kwaruruka, kuma idan tazararsu ta yi ƙanƙanta sai ilektiron ya zame zuwa na biyun, bayani ya gurɓace. Tazarar ta dogara da yadda atam ɗin jamaniyam suka faɗa a bakin shimfiɗar, saboda haka tana sauyawa daga gurbi zuwa gurbi a aisi ɗaya. Akwai kuma ɗumin maikrowef, wanda ke gotar da tashar kubit a tsakiyar aiki. A 2023 masu bincike a Delft suka gano cewa idan aka bar firjin ya hau zuwa milikelbin 200 da gangan, wannan gocewa tana raguwa ƙwarai, abin da ke nuna cewa mafi sanyi ba kullum ne mafi alheri ba a wannan aiki.

Sannan ga wayoyi. Aisin kwamfuta mai tiransista biliyoyi ƙafafunsa na waje ba su wuce 'yan dubbai ba, domin kusan duk zancen a cikin gida ake yin sa. A jerin kubit na yau kuwa kowane gurbi yana cin waya biyu ko fiye, kowace tana sauka daga ɗaki mai zafi zuwa gindin firji ɗauke da ɗumi da hayaniya, alhali firjin a milikelbin 100 galibi ba ya iya kwashe ɗumin da ya kai miliwat 1. Wannan ne ya sa na'urar Delft ta 2022 take da kubit 6, aisin Intel mai suna Tunnel Falls na 2023 kuma gurabe 12, duk da cewa a masana'antar da ke aiki da faifan silikon na milimita 300 aka ƙera shi. Hanyoyin da ake bi domin fita daga wannan ƙunci sun bambanta. Wasu suna kwaikwayon ma'ajiyar kwamfuta, inda waya ɗaya ke ratsa layi guda a tsaye wata a kwance, kamar jerin gurabe 16 na jamaniyam, 4 sau 4, da Delft ta nuna a 2023. Wasu suna sauko da da'irar sarrafawa cikin firjin, kamar aisin Horse Ridge na Intel da ya sarrafa kubit daga kelbin 3, wurin da firji ke iya kwashe kusan wat 1. Domin a kusanto da su wuri ɗaya ne ake ƙoƙarin ɗaga zafin kubit ɗin kansa, kuma a 2020 Sidni da Delft sun nuna yana aiki sama da kelbin 1. Ɗakin binciken HRL na Kalifoniya ya yar da maikrowef gaba ɗaya, yana haɗa ilektiron 3 su zama kubit ɗaya, komai da fasa katanga da toshewa ake yin sa, sai dai aikin kubit biyu yana cin bugun wuta 20 ko fiye. Masu jamaniyam kuma suna amfani da ramin da ilektiron ya bari a maimakon ilektiron ɗin, wanda ba shi da matsalar kwaruruka kuma ba ya buƙatar ɗan maganaɗisu, amma da yake yana jin lantarki kai tsaye, yana jin hayaniyarta ma kai tsaye.

Abin da na fi sa wa ido shi ne ɗaukar ilektiron daga wuri zuwa wuri ba tare da takunsa ya ɓaci ba, domin shi zai ba da damar a baza guraben rukuni-rukuni a bar wa wayoyi fili a tsakani. Ana yin sa ta hanya biyu: ko a miƙa shi daga gurbi zuwa gurbi kamar yadda leburori ke miƙa wa juna kwanon kankare ranar zuba dakin, ko kuma a sa gurbin kansa ya yi tafiya da ilektiron a ciki kamar bel ɗin masana'anta, ta hanyar ba ƙofofi sigina huɗu masu bin juna. Hanya ta biyun tana da daɗi domin komai tsawon layin siginar huɗu ce, kuma masu bincike a Aachen ta Jamus da Delft sun yi nisa a kanta. A ganina, idan ka karanta labarin sabuwar na'ura, kada adadin kubit ya fara ɗaukar hankalinka. Ka tambayi waya nawa kowane kubit ke ci, awa nawa ake ɗauka ana daidaita shi, kuma shin nasarar da aka ambata an same ta ne duk kubit suna aiki a lokaci ɗaya ko ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk dabarun rage wayoyi suna jingine ne da abu ɗaya, wato guraben su fito iri ɗaya daga masana'anta, kuma a nan ne nake ganin za a yi nasara ko a tsaya.

Game da abin da za ka iya koya daga Kaduna, firjin milikelbin ba ya cikin abin da za ka fara da shi, amma babban ɓangare na wannan aiki injiniyanci ne irin naka. Wanda ya taɓa farautar girgizar wuta a inbata, ya san illar ƙasa biyu a da'ira ɗaya, ya san yadda sigina ke tsallakawa daga layi zuwa layi a kan allo, ya riga ya san maƙiyan kubit da fuska. Ka ƙarfafa aljabarar matiriks, ka karanta injiniyancin maikrowef da tace sigina, ka koyi Python, sannan ka sauke QuTiP, manhaja ce kyauta da ke kwaikwayon irin waɗannan tsare-tsare a kan kwamfutar cinya ta yau da kullum. Ga aikin farko da zan ba ka. Ka gina kubit biyu a manhajar, tashar na biyu tana nesa da ta farko da megahaz 95, ka juya na farko da sigina mai ƙarfin megahaz 5 na tsawon nanosakan 100 kamar a misalin da na bayar. Za ka ga maƙwabcin, wanda ba da shi ake magana ba, ya juya kusan sau 3 cikin 1,000. Ka rage ƙarfin zuwa megahaz 4.76, ka tsawaita bugun daidai gwargwado, yadda maƙwabcin zai yi cikakken kewaye 10 ya dawo inda ya tashi, za ka ga juyin nasa ya ɓace, saura ɗan sauyin taku da ake gyarawa a lissafi. Daga nan sai ka ƙara kubit na uku a ɗaya gefen, mai nisan megahaz 130, ka nemi ƙarfin sigina ɗaya da zai bar maƙwabtan biyu lafiya a lokaci guda, ka rubuto mini abin da ka samu.